Kofin da Ba a Bari Ya Bushe

Juma'a, 27 ga Disamba 1963, da hantsi

Sun ce in koma gida in huta. Ga ni na dawo, na zauna a kicin, ban san yadda ake hutun ba. Rigar da mijina Neville ya fita da ita jiya tana cikin jakar takarda a bakin ƙofa. Sista Farrugia ce ta miƙo min ita a asibiti. Ban buɗe ba.

Jiya, washegarin Kirsimeti, ya ce zai leƙa ɗakin gwajinsu a jami'a ya dawo kafin a yanka kek. Na ce masa duk mutanen Melbourne suna bakin teku saboda zafi, shi kaɗai zai je gaida kwalabe. Ya yi dariya ya ɗau hularsa. Da rana Mista Stavros mai gadi ya bugo waya gidan maƙwabta, suka kira ni ta kan katanga.

Idanunsa biyu a naɗe suke, da yatsu biyu na hannun dama. Wani abu ne ya fashe a ɗakin gwajin, likita ya ce gilashi ne ya shiga. Idon hagun bai so yin magana a kansa ba. Na daman ya ce za mu gani. Wane irin likitan ido ne yake cewa "za mu gani"?

Juma'a, da yamma

Clarrie Doolan ya zo bayan an rufe mashaya, warin giya na tashi daga bakinsa. Tare suke aiki da Nev, tebur ɗaya. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula kamar wanda ya zo biko.

"Merle, ba wani abu mai yawa ba ne fa. Bai kai rabin ƙaramin cokali ba."

"To ka je ka faɗa wa idonsa haka."

Ya zauna. Na ba shi shayi, bai sha ba. Ya fara yi min bayani sai na ce ya bari, kafin aure ni ma a ɗakin gwaji nake, sai da na yi aure gwamnati ta ce in koma in wanke kwanuka. Na san zinon, abin da suke aiki a kansa. A makaranta an koya mana cewa iska ce da ba ta haɗuwa da komai, ba ta shiga sabgar kowa. Bara aka wayi gari wasu suka tilasta mata haɗuwa, tun daga nan ban sake samun mijina gaba ɗayansa ba. Abin da yake haɗawa asid ne na zinon, a narke cikin ruwa. Idan ka gan shi ruwa ne kawai, ba launi. Muddin yana jiƙe, lafiya lau. Idan ruwan ya ƙafe sai ya bar wani farin gari kamar gishiri, wanda ko gogarsa aka yi zai tashi da mutum.

Clarrie ya ce ƙaramin kwanon asid ɗin da ya fashe a cikin firji aka ajiye shi. A bakin taga aka tarar da ɓaraguzansa. Wani ne ya fitar ranar walima.

Asabar, 28 ga Disamba, da safe

Walimar ƙarshen shekara, waccan Juma'ar. Maza su kawo giya, mata kowacce ta zo da farantinta, haka ake yi tun kafin a haife ni. Firji ɗaya ne a benen, na ɗakin su Nev. Kowa ya san ba a sa abinci a ciki, kowa kuma yana sawa ranar walima, har Farfesa Wedlake yana kau da kai. Clarrie ya cusa kwalabe. Matar Farfesa ta sa kifinta. Ni na sa kek mai kirim don kada zafi ya narkar da shi. Bayan nan aka kulle ginin, iskar arewa ta yi ta hurawa kamar daga bakin tanda.

Da na buɗe firjin akwai wuri. Na tuna sarai akwai wuri.

Asabar, da yamma

Nev ya farka sosai yau. Ya lalubo hannuna da hannunsa na hagu, ya tambaya ko Sista tana kusa. Na ce ta fita. Sai ya jawo ni har kunnena ya taɓa bandejin.

"Akwai wani."

"Wani me?"

"Kofi. Babba. Yana ɗakin wanke hoto, bayan kwalaben da ke saman kanta. Wedlake bai sani ba, Clarrie ma bai sani ba."

Ashe Farfesa ya yanka musu iyakar abin da za su ajiye, shi kuma Nev ya yi ta tarawa a ɓoye tun damina, don yana so ya mayar da shi wani gishiri da ba ya fashewa, ya riga Amurkawa auna shi. Ba a toshe bakinsa da murfi, saboda idan ya bushe a wuyan kwalba, murɗa murfin kaɗai ya isa. Faifan gilashi kawai aka ɗora a kai. A wannan zafin kullum raguwa yake yi.

"Ki ba shi ruwa, Merle. Makullin yana aljihun wandona. Ki wanke gefen kofin daga sama, kada ki bari farin zobe ya fito. Kada ki goge da komai. Har in tashi."

Na ce masa ya haukace. Ya ce ya sani. Ya ce shekara guda ta rayuwarsa ce a cikin kofin nan, kuma yanzu a wannan duhun shi kaɗai yake iya gani. Me zan ce da wannan? Na ce to.

Lahadi, 29 ga Disamba, da hantsi

Na je. Na ce wa Mista Stavros littattafan Nev na zo ɗauka. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, 'yata," ya buɗe min ƙofar gefe. Ban kalli ƙofar ɗakinsu ba da na wuce. An buga mata katako.

Kofin yana inda ya ce. Ruwa ne. Da za a ajiye shi a kan teburin cin abinci, wani zai ɗauka ya kurɓa. Na matsa robar tataccen ruwa, na zagaye gefensa a hankali, wani ruwan na sauka a kan kanta. Na mayar da faifan. Na fito ban ɗauki littafi ko ɗaya ba, sai da na koma na ɗauko wani don kada mai gadi ya tambaya.

A tarago wata mata ta ce min fuskata ta yi fari, ko juna biyu ne? Na ce zafi ne.

Litinin, da rana

Na ba shi ruwa.

Talata, 31 ga Disamba, da yamma

Farfesa Wedlake ya zo asibiti da inabi. Ya zauna a gefen gado ya yi ta magana da bango. Ya ce ya sa an lalata duk abin da ya rage na zinon a sashen, ba za a sake yin aikin ba sai an gina wuri na musamman. Ya ce kujerar Nev tana nan tana jiransa, "muddin babu wani abin da zai sake fitowa." Ya juyo wajena.

"Misis Hocking, babu wani abu da ya kawo gida, ko?"

Na ce babu. Gaskiya ce, bai kawo gida ba. Nev ya matse min yatsu har suka yi ƙara.

Da Farfesa ya tafi sai Nev ya ce, "Kin ba shi?" Ba sannu, ba ya kika kwana. Kin ba shi? Kamar na bar jariri a gida. Na ce na ba shi, sai ya saki ajiyar zuciya ya yi barci. Na zauna ina cin inabin mutane, ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyar jin haushin.

Laraba, 1 ga Janairu 1964, da safe

Sabuwar shekara. Mamata ta bugo daga Geelong ta ce in je in kwana biyu a wajensu, ruwan teku zai wanke min kai. Na ce ba zan iya barin Nev ba. Ba Nev ne ba zan iya bari ba.

Alhamis, da yamma

Tsohon da ke gadon kusa da shi ya kunna rediyo, duk ɗakin suna sauraron wasan kurket da idanu a naɗe, suna gardama kamar suna gani. Nev ma har ya sa baki. Na ji daɗi, na ce ko ya fara mantawa. Ina tashi tafiya ya riƙo gefen rigata.

"Ya kai ina?"

"Inda yake jiya."

"Ba zobe?"

"Babu."

"Ki riƙa tsayawa ta gefe, kada ki sa fuskarki a kai."

Na ce idan fuskata ta dame shi haka, ya san abin da zai ce in yi. Sista Farrugia ta shigo da ma'aunin zafi ta ce, "Misis Hocking, ki bar min majinyacina ya huta, faɗan miji da mata sai an sallame shi." Duk ɗakin aka yi dariya. Ni ma na yi.

Asabar, 4 ga Janairu, da hantsi

Na yi mafarki na buɗe firji na tarar babu wuri.

Amma akwai. Ko dai na ɗan tura wani abu gefe? Turawa gefe ba fitarwa ba ce. Na tambayi Clarrie ko ya tuna wanda ya fara buɗewa, ya ce shi abin da ya tuna kawai shi ne giyar ta yi sanyi. Daga baya ya ce, "Merle, mu goma sha wani abu muka buɗe firjin nan. Idan kika fara wannan lissafin ba za ki gama ba, ni na gwada." Idanunsa sun yi ja. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

Litinin, 6 ga Janairu, da rana

Zafi ya dawo. Sama ta yi ja saboda gobarar daji a kan tuddai, toka na sauka a kan shanya. Ɗakin wanke hoton ba taga amma kamar cikin tukunya yake. Ruwan ya sauka fiye da kullum. Na ƙara.

Na kama kaina ina yi masa magana. Na ce masa, kai dai ba ka da kunya. Daga nan na ba shi haƙuri. Ban san abin da ke damuna ba.

Talata, da yamma

An sake shiga da Nev ɗakin tiyata saboda idon hagun. Ba zan rubuta abin da likita ya ce ba.

Laraba, 8 ga Janairu, da safe

Jiya ban je ba. Ina asibiti tun safe har aka kore ni, kuma ginin a kulle yake idan Mista Stavros ya tashi. Kwana ɗaya tak.

Laraba, da rana

Akwai zobe.

Siriri ne, kamar bakin kofin shayin da aka manta ba a wanke ba, sai dai fari. Yana sama da ruwan da faɗin yatsa. Na tsaya da robar a hannu na kasa matsawa. Nev ya ce a wanke daga sama, to idan ƙarfin ruwan ya goge shi fa? Idan faifan ya taɓa bakin kofin lokacin da nake ɗagawa fa? Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. A ƙarshe na ɗiga ruwan ɗigo-ɗigo, fuskata na kallon bango, har ya narke. Na fito na zauna a kan matakala.

Mista Stavros ya same ni a nan. Ya kawo min ruwa a kofin gwangwani, na kasa sha. Ya ce kada in damu da ƙurar wurin, mako mai zuwa mata masu shara za su dawo, za a goge ko'ina kafin a buɗe ginin, har ɗakin hoto, kanta-kanta.

Da tsumma za su goge.

Laraba, da yamma

Na faɗa wa Nev. Na ce masu shara za su shiga. Ya ce in rubuta takarda in manna a ƙofa cewa kada a shiga. Na ce da sunan wa? Ya ce to in ɗauke shi in kai wani wuri. Na ce a tarago zan ɗauko shi, a cinyata, cikin mutane?

"Merle, kwana kaɗan ya rage a kwance min ido."

"Idan aka kwance kuma fa?"

Da na sani ban tambaya ba. Ya juya fuskarsa wajen taga, wai shi mai kallon waje. Can ya ce, "In babu kofin nan, ni makaho ne kawai da aka bar wa kujera don tausayi."

Gaba kura, baya sayaki. Idan na faɗa wa Farfesa, aikinsa ya tafi. Idan na zubar, na zubar da abin da yake riƙe da shi. Idan na bari, wata baiwar Allah da ba ta san zinon ba za ta zo da tsummanta. Na san wanda ya fi nauyi, ba wai ban sani ba. To me ya sa har yanzu nake zaune?

Alhamis, da safe

Na ba shi ruwa.

Juma'a, 10 ga Janairu, da yamma

Na tare Clarrie a ƙofar mashaya kafin ya shiga. Mata ba sa shiga, don haka a kan titi na faɗa masa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Nawa ne yawansa?"

Na nuna masa da yatsu.

"Kuma ke kike zuwa kullum? Ke kaɗai? Lallai Hocking ya cika ɗan iska. In ya warke ni zan fasa masa ɗaya idon."

Sai ya ji abin da ya faɗa, ya toshe baki. Ni kuwa dariya ta kama ni a tsakiyar titi, na yi ta yi har hawaye, daga nan ban san inda dariyar ta tsaya ba. Ya tsaya yana kare ni daga masu wucewa da faɗin bayansa. Ya ce gobe da safe, kuma Wedlake ba zai ji daga bakinsa ba.

Asabar, 11 ga Janairu, da rana

Clarrie ya zo da garkuwar fuska biyu da kayan tsaron gidan wasan kurket ɗinsa, safar hannu da na ƙafa. Da wani lokaci ne da na yi masa tsiya har shekara. Ya tsoma wata 'yar takardar gwaji a kofin, nan take ta koma shuɗi mai duhu. Ya yi fito a hankali. Ya ce, "Kai, mutumin nan ya iya aiki." Na ga yadda ya tsaya yana kallonsa, na tsorata kada shi ma ya ce a bari.

Bai ce ba. Ya cika babban bokiti da ruwa, ya juye kofin a ciki sannu-sannu, ya ɗauraye shi sau da yawa. Sannan ya riƙa ɗiga wani magani na aidin. Ruwan ya koma kalar shayi mai kauri, ƙananan kumfa suka riƙa tasowa suna fashewa ba ƙara. Clarrie ya ce zinon ɗin ke nan yake komawa iska inda aka ɗauko shi. Na zaci zan ji sanyi. Baƙin ciki na ji, mai tsanani, kamar ni na tara shi.

Da muka gama na karɓi kofin. Na wanke shi, na cika shi da ruwan famfo daidai inda yake tsayawa, na ɗora faifan, na mayar bayan kwalaben.

"Merle, wa za ki yi wa wayo? Mutumin ba ya gani."

Na ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba.

Asabar, da yamma

"Kin ba shi?"

"Na ba shi."

Litinin, 13 ga Janairu, da safe

Sanyi ya juyo daga kudu, an yi yayyafi. Na yi barci kamar gawa. Da na tashi na shirya, sai da na kai tashar tarago na tuna babu abin da zan je yi. Na hau duk da haka. Na je na duba kofin ruwan famfo, na ƙara masa kaɗan. Masu sharar suna benen ƙasa suna waƙa da yarensu, ɗaya ta ce min in kula, ƙasa da santsi.

Laraba, da yamma

Yana cin abinci sosai yanzu. Yana ta tsara abin da zai yi, yadda Clarrie zai zama hannunsa, ni kuma in riƙa karanta masa ma'auni. "Ke ce idona, tsohuwa, ki shirya." Ina cewa to, to. Sista Farrugia ta ce ban taɓa ganin wanda ya murmure haka ba, me kike ba shi? Na ce ruwa.

Juma'a, 17 ga Janairu, da hantsi

An kwance bandejin. Na hagun ya tafi, dama na sani. Na daman yana ganin haske da duhu da siffar abu, kamar ta cikin gilashin banɗaki, in ji shi. Likita ya ce zai iya ƙaruwa, zai iya tsayawa a haka. Ya daɗe yana kallon inda nake. Ya ce, "Wannan dogon abin ke ce ko ƙofa?" Na ce ƙofa ce. Ya ce ƙofar ta rame.

Talata, 21 ga Janairu, da yamma

An sallame shi da safe. Mun shiga tasi, na faɗi adireshin gida, shi kuma ya ce wa direba jami'a. Na ce Nev, gobe. Ya ce yau. Na ce ka gaji. Ya ce ya kusa wata yana kwance, gajiyar me?

Na riƙe masa gwiwar hannu muka hau bene. Mutane suna fitowa suna gaishe shi da babbar murya kamar kunnensa ne ya samu matsala. Muka shiga ɗakin hoton na rufe ƙofa. Ya ce in sauko da shi. Na sauko da shi na ajiye a kan tebur, kuma na ga kaina ina yi a hankali, da hannu biyu. Ya cire baƙin tabarau, ya sunkuya ta gefe, ya daɗe.

"Bai ragu ba."

"Bai ragu ba."

Ya laluba aljihun tebur ya ciro takardar gwaji, irin wadda Clarrie ya yi amfani da ita. Da hannun hagu ya tsoma, sai a karo na biyu ya sami bakin kofin. Ya ɗaga ta kusa da idonsa, ya matsar, ya sake kusantowa. Sai ya miƙo ta wajena.

"Ba na iya rabewa. Wane launi?"

Da na ce shuɗi, da shi ke nan. Zai yarda. Zai koma gida da kofinsa a zuciya, in sami mako ɗaya ko biyu. Bakina har ya fara haɗa kalmar. Amma wannan ne abu na farko da ya ce in karanta masa, kuma zai yi ta miƙo min abubuwa haka har ƙarshen rayuwarmu.

"Fara ce, Nev. Ruwan famfo ne. Ni da Clarrie muka lalata shi."

"Yaushe?"

"Asabar ɗin waccan, ta sama."

Ya lalubi kujera ya zauna. Na jira ihu, ko kuka, ko ya ce in fita. Ya riƙe takardar a cinya yana murza ta da babban yatsa.

"Ashe kwana da kwanaki kofin ruwa nake tsoro."

Na ce ban gane ba.

"Duk ranar da kika fita daga ɗakin nan na asibiti, sai in kasa kunne. Idan motar asibiti ta shigo, in ce ke ce. Ba na iya haɗiye komai sai na ji takunki da yamma."

"To me ya hana ka ce in zubar?"

"Na kasa. Kullum sai in ce gobe zan faɗa."

Ban taɓa jin fushi irin na lokacin ba. Na faɗa masa. Na ce ka san zai iya tashi da ni, kana kwance kana jin tsoro, kuma kullum ka sake aike ni. Ya ce e. Bai kare kansa ba, da ma ya kare, da na sami abin da zan ture. Na ce ban san ko na yafe ba. Ya ce shi ma bai san ko ya yafe min ba, shekararsa ce. Muka zauna a haka, ni da shi da kofi, wani yana tura keken kwalabe a waje.

Can ya miƙe ya ɗauki kofin da hannu ɗaya. Ya ce ina wurin wanke kwalabe, na ce hagunka, taku kaɗan. Ya juye da kansa. Rabi ya shiga, rabi ya sauka a kan takalminsa. Ina tsaye kusa da shi, ban gyara masa hannun ba.